Ra'ayi: Tuwon Italiyawa da darasin cin gaya

Kwanakin baya da daddare ina zaune ina duba littattafan yara, sai wayata ta yi ƙara. Ƙanena ne, wanda ya ɗan kwana biyu yana aiki a wata masana'anta kusa da garin Brescia, can arewacin Italiya. Hoto ya turo mini: ga wani faffaɗan katako a kan tebur, an juye masa wani abu ruwan ɗorawa yana ta tururi, ga kuma wata dattijuwa tana yanka shi da zare. A ƙasan hoton ya rubuta, "Yaya, ka ga abin da maƙwabciyata ta kira ni in ci. Wallahi tuwon masara ne, sai dai su polenta suke ce masa." Na ce, "Kai dai ka tambayi abin da aka saka a mahaɗin kafin ka kai loma, ka san mutanen can da naman alade." Ya ce ai ya tambaya, cuku ne da man shanu kawai. Na ce to, a ci lafiya.

Washegari na nuna wa 'yan ajina hoton don mu ɗan yi raha. Aka yi dariya, aka yi ta mamaki. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ashe Turawa ma akwai talakawa?" Na tambaye ta me ta gani. Ta ce, "To ai ga shi nan tuwo suke ci." Wannan magana ta tsaya mini a rai. A wurin yarinyar nan, duk inda ka ga tuwo to talauci ka gani. Shi ya sa na zauna na bi diddigin wannan abinci, ma'anar sunansa da inda ya samo asali. Abin da na tarar ya nuna mini cewa yarinyar ta yi gaskiya ta wani ɓangaren, ta kuma yi kuskure ta wani ɓangaren, kuma ina ganin mu manya ma muna yin kuskuren nan tare da ita.

Bari in fara da abincin kansa. Polenta garin masara ne, galibi mai ɗan tsaki-tsaki, da ake barbaɗawa a tafasasshen ruwa mai gishiri, kamar gram 250 na gari a lita 1 na ruwa. Ana zuba shi kaɗan-kaɗan don kada ya yi gudaji, sannan a yi ta tuƙawa da muciya har minti 40 zuwa awa guda. Tukunyar da aka san ta da wannan aiki ta tagulla ce, suna kiranta paiolo, a dā rataye ta ake yi da sarƙa a kan wutar murhu. In tuwon ya nuna ya fara sakin jikin tukunya, sai a kife shi a kan katako, iyali su kewaye. Yankawa da zare al'ada ce ta tsofaffi. Ƙanzon da ya rage a gindin tukunya ma ba a zubar da shi, yara ne ke rububinsa. Wanda ya kwana kuwa sai a yayyanka shi a gasa ko a soya, wato dai ɗumamensu ke nan. Duk macen da ta taɓa tuƙa tuwo, in ta ga wannan aiki ba sai an yi mata bayani ba.

Kowane yanki da irin tasa. A yankin Veneto, wajen birnin Venis, akwai ta farar masara da suke ci da kifi, a garin Vicenza kuma an san ta da busasshen kifi. A kwarin Valtellina da ke cikin duwatsun Lombardiya suna haɗa garin masara da na wani hatsi mai duhu, su narka cuku da man shanu a ciki, su kira ta polenta taragna. A wasu wuraren da farfesun nama ake ci, ko da naman daji, ko da laimar kwaɗi irin wadda ake ci. Abinci ne na arewa, ƙasar sanyi da hazo, yadda taliya ta fi ƙarfi a kudu.

To, mene ne ma'anar sunan? A nan ne abin ya fara ba ni mamaki, domin sunan ya girmi masarar da ake yin abincin da ita a Italiya da fiye da shekara 1,500. Kalmar polenta ta harshen Latin ce, harshen Rumawan dā, kuma a wurinsu tana nufin sha'ir da aka soya aka ɓarza. Dangi ce ga kalmar pollen, wato gari mai laushi, da kuma puls, wani fate mai kauri da Rumawa ke yi da wata tsohuwar irin alkama mai suna farro. Marubucinsu Pliny, wanda ya mutu a shekara ta 79 miladiyya, ya bayyana cewa Rumawa sun daɗe suna rayuwa a kan wannan fate kafin burodi ya zama abincinsu na kullum. Ke nan daular da ta mallaki ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum, da tuwo ta yi wayo.

Daula ta rushe, amma tukunya ba ta sauka daga kan murhu ba. Ƙarni bayan ƙarni manoman Italiya suka ci gaba da tuƙa duk abin da gona ta ba su: sha'ir, gero, dawa, wake, har da garin 'ya'yan wata bishiyar kan dutse da suke kira castagna. Daga baya wancan hatsi mai duhu ya shigo, suka sa masa suna grano saraceno, hatsin Sarasin, sunan da Turawan lokacin ke kiran Larabawa da Musulmi da shi. A shahararren littafin nan na Alessandro Manzoni, I promessi sposi, wanda labarinsa ya fara a shekarar 1628, tuwon da ya nuna wani talaka yana tuƙa wa iyalinsa na wannan hatsi ne. Hatsi yana canzawa, suna yana nan. Hausawa suka ce ba a sauya wa tuwo suna, ashe karin maganar nan har Italiya ta kai.

Masara kuwa baƙuwa ce a can, kamar yadda take baƙuwa a nan. Asalinta kudancin Meziko ne, inda manoma suka fara nomanta kimanin shekara 9,000 da suka wuce. Babu wanda ya san ta a Turai ko Afirka ko Asiya sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492. Ta shiga Sifaniya, daga nan ta bi tashoshin jiragen ruwa ta yaɗu. A birnin Rum akwai wani gida mai suna Villa Farnesina, inda mai zane Giovanni da Udine ya zana zangarniyar masara a jikin rufi wajejen 1517, kuma yana cikin zane-zanen masara mafi daɗewa a Turai. Zuwa tsakiyar wannan ƙarni na 16 an fara nomanta a filayen Veneto.

Ku dubi wani abin dariya game da sunanta. Italiyawa suna kiranta granoturco, hatsin Turkawa. Turkawa suna kiranta mısır, wanda shi ne sunan Masar a harshensu. Mutanen Masar suna ce mata dawar Sham. Mu kuma muka ce masara, kuma masana harshe da dama suna ganin daga sunan Masar muka samo. Kowa yana nuna maƙwabcinsa yana cewa daga can ta zo, babu wanda ya ambaci mutanen Meziko da suka yi wahalar renonta. Ku riƙe wannan mantuwa a zuciya, domin ta jawo wa Italiyawa bala'i, za mu zo wurin.

Me ya sa masara ta kori gero da sha'ir daga tukunyar polenta? Dalilin a fili yake. Tana ba da yabanya fiye da alkama nesa ba kusa ba, tana son damshin filayen kogin Po, kuma tana fitowa da bazararsu, lokacin da alkama ta riga ta bar gona. Da farko a bayan gida manoma ke shuka ta, inda idon mai ƙasa da mai karɓar haraji bai cika kaiwa ba. Bayan yunwa da annobar da suka afka wa arewacin Italiya wajejen 1630, sai ta fita fili sosai. Ta ceci rayuka, wannan babu musu. Zuwa ƙarni na 18 polenta mai ruwan ɗorawa ta zama ita ce abincin ƙauye, har mai zane Pietro Longhi na Venis ya yi wani zane da ya sa wa sunanta, wanda ke nuna mata suna juye ta daga tukunya.

Amma da masu ƙasa suka gane amfaninta, sai lissafi ya juya. Yawancin manoman ba su da gonar kansu. Wasu noman kashi-mu-raba suke yi, wasu haya suke biya da alkama, wasu kuma 'yan ƙwadago ne da ake biya kullum-kullum. Tsarin ya zama alkama ta tafi rumbun mai gona, daga can ta wuce kasuwa, shi kuwa manomi a bar shi da masara, sau da yawa ma wadda ba ta bushe da kyau ba. Ƙwai da kaji da madara, in akwai su, sayarwa ake yi a biya bashi. Sai ya zama da safe polenta, da rana polenta, da dare polenta, musamman a watannin hunturu. A ƙauyukan Veneto da Lombardiya har yanzu ana ba da labarin gidajen da ake rataye busasshen kifi guda ɗaya a saman tebur, kowa ya goga yankan tuwonsa a jiki don ya ɗan ji ƙanshi, kifin kuwa ya kwana don gobe. A Hausa muna da kalma guda da ta tattara wannan hali duka: gaya. Mutane ne da aka tilasta musu cin gayan tuwo, shekara da shekaru.

Sai cuta ta ɓullo. In hunturu ya wuce rana ta fara zafi, fatar hannu da ƙafa da wuya, duk inda rana ke bugu, sai ta yi ja, ta yi kaushi, ta dinga tsagewa. Gudawa ta biyo baya, ƙarfi ya ƙare, daga ƙarshe hankali ya gushe, wasu su mutu. Wani likita a Sifaniya, Gaspar Casal, ya fara bayyana ta a 1735 a tsakanin manoman yankin Asturias masu cin masara. A 1771 likita Francesco Frapolli na Milan ya rubuta ta da sunan da manoman Lombardiya ke kiranta, pellagra, wato fata mai kaushi. A 1784 aka buɗe asibiti na musamman don masu ita a garin Legnano. Gidajen masu taɓin hankali na Venis, a tsibiran San Servolo da San Clemente, suka cika da manoma, mata da yawa a cikinsu, domin uwa ita ce ke ci a ƙarshe, ita ce kuma ke ɗaukar ciki da shayarwa. Ƙidayar da gwamnati ta yi a 1881 ta samu fiye da mutum 100,000 masu wannan cuta a Italiya, mafi yawansu a Veneto da Lombardiya.

Gwamnati kuma ba ta sauƙaƙa musu ba. Bayan haɗewar Italiya a 1861, sabuwar ƙasa tana neman kuɗi, sai aka ƙaƙaba harajin niƙa daga farkon 1869. Duk wanda ya kai hatsi injin niƙa sai ya biya. Wa ya fi kai niƙa in ba mai cin tuwo sau uku ba? Aka yi bore a ƙauyuka, aka rasa rayuka, kuma ba a soke harajin gaba ɗaya ba sai a 1884. Gishiri ma a hannun gwamnati yake da tsada, har wasu gidaje suka koma cin tuwon lami.

Likitoci sun daɗe suna gardama a kan sababin cutar. Shahararren malami Cesare Lombroso ya dage cewa guba ce da ke fitowa daga ruɓaɓɓiyar masara. Wannan bayani ya yi wa masu ƙasa daɗi, domin ya ɗora laifi a kan rumbu da damshi, ya bar batun albashi da hayar gona. Dokar yaƙi da cutar da aka yi a 1902 a kan wannan fahimta aka gina ta: a hana sayar da masarar da ta lalace, a samar da wuraren busar da ita. Sai dai an kuma buɗe wuraren ciyar da marasa lafiya kyauta na wasu makonni, ana ba su burodi da nama da romo, kuma waɗanda suka ci suna samun sauƙi. Amsar tana gaban kowa, a cikin kwano.

Gaskiyar ta fito daga baya. Daga 1914 likita Joseph Goldberger a Amurka ya nuna cewa cutar ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, matsalar abinci ce, in aka ƙara madara da nama da ƙwai da wake sai ta tafi. A 1937 Conrad Elvehjem ya gano sinadarin da ake rasawa, wato niyasin, wanda ake kira bitamin B3. Masara tana da shi, amma a ɗaure yake, jiki ba ya iya cire shi da kyau. Ga inda waccan mantuwa ta shigo. Mutanen Meziko sun ci masara dubban shekaru cutar ba ta addabe su ba, saboda suna dafa ƙwayarta da ruwan toka ko farar ƙasa kafin su niƙa, wanda ke kwance sinadarin, kuma suna haɗa ta da wake. Turawa sun ɗauko iri, suka baro ilimin matan da ke sarrafa shi, don ba su ɗauka akwai abin koyo a wurin mutanen da suka ci da yaƙi ba. Raini ya yi tsada, kuma talakan Veneto ne ya biya.

Abin lura shi ne, cutar ta fara ja da baya a Italiya tun farkon ƙarni na 20, kafin a san sunan sinadarin. Me ya kore ta? Mutane sun yi ƙaura da yawa, daga 1875 'yan Veneto suka dinga kwarara zuwa kudancin Birazil da Ajantina, suna aiko da kuɗi gida. Ma'aikatu suka buɗe, 'yan ƙwadago suka haɗa kai suka nemi ƙarin lada, abinci ya ɗan yalwata. Ba su daina cin polenta ba. Mahaɗi suka samu. Waɗanda suka tafi Birazil ma da tukunyarsu suka tafi, har yau jikokinsu suna bikin polenta duk shekara a garin Venda Nova do Imigrante.

Tabon dai ya daɗe bai warke ba. Mutanen kudancin Italiya suna yi wa na arewa ba'a da sunan polentoni, maciya polenta, su kuma suna rama wa da nasu sunan. Da arziki ya zo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, gidaje da yawa suka jingine tukunyar tagulla, domin tana tuna musu da yunwa. Ƙanena ya ce dattijuwar nan ta gaya masa mahaifinta, bayan ya samu aikin ma'aikata, ya yi shekaru ba ya son ganin polenta a tebur, wai ya ci rabonsa tun yana yaro. Yau kuwa jikoki ne ke nemanta. Tana cikin jerin abincin manyan gidajen cin abinci, ana sayar da garinta mai nuna cikin 'yan mintoci, garuruwa irin su Storo da Marano suna alfahari da irin masararsu ta gado. Abincin da ya zama alamar wahala ya koma abin tinƙaho.

To, ga ra'ayina. Ina ganin tarihin polenta yana gyara mana kuskure biyu da muke yi game da namu tuwon.

Na farko shi ne kunya. Ina ganin ta a aji. In na tambayi yara me suka ci jiya da dare, mai shinkafa ko taliya da ƙarfi yake faɗa, mai tuwo kuwa sai ya sunkuyar da kai. A wurin biki in aka kawo tuwo sai ka ji ana ƙus-ƙus wai masu gidan ba su shirya ba. Alhali a nan Ghana tuwonmu har suna ya ba abincin da ƙasa duka ta sani, tuo zaafi, tuwo mai zafi ke nan da bakin maƙwabta. Wasu suna yin layi su saya, mu masu shi muna ɓoyewa. Shin sai mun jira shekara 50, wani ya zuba shi a farantin tangaran ya tsuga masa kuɗi, sannan mu tuna namu ne? Italiyawa sun bi wannan doguwar hanya, sun raina, sun dawo suna nema. Ba dole ba ne mu ma mu bi ta.

Na biyu shi ne kishiyar na farko, kuma shi ya fi damuna. Akwai masu cewa tuwo ai shi ne ƙarfi, kakanninmu da shi suka rayu, in yaro ya cika cikinsa da shi an gama. A'a. Kakanninmu ba gaya suka ci ba. Da miyar kuka suka ci, da kuɓewa, da daddawa, da gyaɗa, da wake, da ɗan busasshen kifi, ga nono a gefe. Hikimar tana cikin kwanon miya, kamar yadda ta mutanen Meziko take cikin ruwan toka. In tsadar rayuwa ta matsa, abin da ake fara ragewa a gida shi ne miya. Malmala tana nan yadda take, miyar ce ke komawa ruwa da gishiri da ɗan dunƙulen ɗanɗano. Ciki ya cika, uwa ta samu kwanciyar hankali yaro bai kwana da yunwa ba, amma jiki bai samu abin da yake nema ba. Manoman Veneto ma cikinsu a cike yake lokacin da fatarsu ke tsagewa.

Kada wani ya ce wannan tsohon labarin Turai ne. A 1990, a sansanonin 'yan gudun hijirar Mozambik da ke Malawi, fiye da mutum 18,000 suka kamu da pellagra. Abincin da ake raba musu garin masara ne mafi yawa, kuma cutar ta ɓarke ne bayan da gyaɗar da ake haɗa musu da ita ta yanke na wasu watanni. Gyaɗa fa, wadda muke gani ba komai ba. An sake ganin cutar a garin Kuito na Angola wajejen 1999, lokacin yaƙi. Duk inda aka bar mutane da masara ita kaɗai, cutar ta san hanya.

Na san akwai masu cewa to ai maganin shi ne a bar masara, a koma gero da dawa, tunda ita baƙuwa ce. Ina girmama wannan ra'ayi, kuma ni ma ina son a riƙe gero da dawa, ko don jure fari da suke yi. Amma ban yarda laifin na masara ba ne. Baƙuncinta bai hana ta zama tamu ba, kamar yadda bai hana ta zama ta Italiyawa ba. Rogo, gyaɗa, barkono da tumatir duk daga nahiyar Amurka suka zo, wa zai ce yau a fitar da su daga tukunya? Abin da muke kira abincin gargajiya, in ka bi shi da kyau, za ka tarar baƙo ne da ya daɗe har aka manta ranar zuwansa. Abin da ya kwantar da manoman Italiya shi ne an kwashe alkama da ƙwai da madara an bar su da abu guda. Ko gero ne aka bar mutum da shi shi kaɗai, wata matsalar za ta fito.

Wani kuma zai ce, Malam, kana maganar miya kamar kyauta ake ba da ita, ka je kasuwa kuwa? Na je, albashin malami nake ɗauka, na san yadda wata ke yin nisa. Shi ya sa ban ɗora wa iyaye mata laifi ba. Tarihin nan ya nuna cewa wa'azi ga talaka a kan yadda zai adana masararsa bai kori cuta ba, sai da kuɗi ya shiga hannunsa. Don haka maganar ta shafi masu iko: farashin wake da gyaɗa da kifi, ladan ɗan ƙwadago, da abin da ake zuba wa yara a shirin ciyarwa na makarantu. Duk mai duba irin wannan shiri, kada ya tsaya ƙirga kwanuka nawa aka raba, ya leƙa ya ga me ke cikin miyar. Mu kuma a gida, abin da ya sawwaƙa ba shi da yawa amma yana da amfani: dintsin wake, ƙuli-ƙuli a daka a zuba, ganyen zogale, ɗan kifi ko na ƙanana ne. In za a rage, a rage girman malmala kafin a rage miya. Kuma a duba kwanon uwa, don ita ce ke cewa ta ƙoshi alhali ba ta ci ba. Masu hali a unguwa, in za a taimaka wa maƙwabci da kwanon masara, a ɗora masa da gwangwanin gyaɗa.

Na koma aji bayan mako guda na ba yaran labarin nan a taƙaice. Na ce wa yarinyar, "Kin yi gaskiya, an yi talakawa a Turai, har yanzu ma akwai, kuma wannan tuwo ya ga wahalarsu. Amma dattijuwar da kika gani a hoto ba don rashi ta tuƙa shi ba, baƙo ta yi, ta ba shi abin da ta fi ƙauna." Ta yi shiru, can ta ce, "Malam, to mu jiya tuwo muka ci da miyar gyaɗa." Wannan karon ba ta sunkuyar da kai ba. Na ce, "Ki gaida Mama, ki ce mata ta iya."

Ƙanena kuwa ya ce ya yi wa dattijuwar alkawari zai rama ziyara. Ya sa an aika masa da kuka da daddawa, garin masara dai akwai shi a can. Ina jiran in ji abin da za ta ce.

Allah Ya hore mana tuwo, Ya hore mana abin ci da shi.